Yadda Waya Ta Kusa Kashe Baƙo

Har gobe ba zan manta da ranar da Shef Ɗan Ladi ya kira ni buro, wato ofis, ya ce aikina ya rataya a jikin itace ɗaya ba. 'Yan shekaru ne bayan babban farin tamanin da huɗu. Ina ƙaramin ma'aikacin gandun daji a Birnin Konni, mu masu koren kaki, shi kuma shi ne shugaban sarwis ɗinmu.

Ku yaran yanzu lambun itatuwan nan kun tarar da shi da inuwarsa. Asalinsa wurin renon dashe ne. Da fari ya cinye daji, sai aka ce a tara irin kowane itacen ƙasar nan wuri guda don kada jikoki su ji sunansa a baki kawai. Muka dasa gawo, marke, maɗaci, kirya, tsamiya da giginya. Akwai rijiya, akwai wani tsohon kunkuru da 'yan lakwal, yaran makaranta, suka fi so a kan duk itatuwanmu.

Ana nan sai aka aiko mana da dashe daga ƙasar waje, kyautar abota. Sunansa na Turawa ya gagari bakin kowa, muka sa masa Baƙo. Ba ya 'ya'ya, ba ya maganin komai, ko akuya ta shinshina shi wucewa take. Amma Babban Darakta zai zo daga Yamai ya gan shi bayan damina.

"Issufu, iccen ga amanarka ne," in ji Shef. "In ya mutu, wurin da za a kai ka ko tumfafiya babu."

Ni kuwa ba zan iya yin nisa ba, don tsohuwata tana ƙauyen Bazaga da ciwon gwiwa, ba ta da kowa sai ni.

Bisa ƙa'ida, itace mai daraja ana zagaye shi da waya. Na zagaye shi. Kafin mako ya ƙare an yage ɓawonsa ta gefe guda. Shef ya ce a ƙara waya mai ƙaya, aka ƙara, sai ganyen ya fara tafiya. Aka sa mai gadi da kulki. Ranar kasuwa sai ga mutane har daga tsallaken iyaka, kowa da 'yar wuƙarsa a aljihu.

Na kama wani dattijo, direban babbar mota, da saiwa a hannu. Na ce, "Baba, iccen ga ba shi maganin komi."

Ya dube ni da tausayi. "Ɗana, gwamnati na sa ma banza waya biyu da dogari? Ku dai ba ku son talaka shi samu."

Baƙo ya rame, ya koma kamar tsintsiyar da ta tsufa. Ni ma na rame. Shef ya yanke shawarar a yi masa katangar siminti. Magina suka ce a cire waya su auna, muka cire, muka naɗe ta a jikin wani itacen dogon yaro da ke kusa da ƙofa don kada a sace. Mai gadi ya bi waya, tunda a can inuwa take. Siminti kuwa ya maƙale a hanya.

Da na zo duba Baƙo bayan 'yan kwanaki, sai na ga sabon toho. Babu wanda ya taɓa shi. Dogon yaron kuwa an feɗe shi har iyakar inda hannu ke kaiwa. Dogon yaro fa, wanda ke ƙofar gidan kowa a Konni.

Na tambayi wata mata ko ba ta gane shi ba. Ta ce, "Na gane mana. Amma na ƙofar gidanmu ka gan shi da waya?"

Shef ya daɗe yana kallon itatuwan biyu, sannan ya ce, "A hwasa katanga. A ƙara ma wanga waya, a saya ma mai gadi hula."

Ranar ziyara, Babban Darakta ya tsaya gaban Baƙo, ya ga ganye shar, ya gyaɗa kai, ya wuce. A ƙofa ya ja ni gefe ya rage murya, ya ce ya ji labarin itacenmu tun daga Yamai, ko za a samu ɗan ɓawo. Na ƙame na sara masa, na yanko masa na dogon yaron da hannuna.

Ba a canja mini wurin aiki ba. Juma'ar nan na hau keke zuwa Bazaga in gaya wa tsohuwa. Na same ta a tsakar gida, ƙarƙashin dogon yaron da mahaifina ya dasa, tana shan wani jiƙo tana yamutsa fuska.

"Na lambunku ne," ta ce. "Maƙwabciya ta samo min da ƙyar. Gwiwag ga har ta yi sauƙi. Allah shi yi ma albarka da kake tsaron shi."

Na ɗaga kai na dubi reshen da ke bisa kanmu, na ce amin.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan: mutanenmu ba itace suke karantawa ba, hukuma suke karantawa, kuma sun daɗe da sanin cewa abu mai kyau ake hana su. Baƙo yana nan, 'yan kabu-kabu na barci a inuwarsa, ba wanda ya san sunansa. In kun ga waya a jikin dogon yaron ƙofa, kada ku cire. Wanda ya riga shi a wurin, feɗe ɓawo ya kashe shi, aikina ya mutu yana tsarewa.