Gurbin Suna

A hutun damina na shekarata ta biyu a jami'a, aka tura ni taimako gidan likita na wani ƙauye kusa da Dogo-Dogo. Majo, wato shugaban ma'aikatan wurin, ya ba ni ordinata, wato kwamfuta, ya ce in tsara fish, takardar rajistar shigar da yara masu tamowa. Na zauna a lungu na jera gurabe: suna, ƙauye, nauyi, kaurin damtse. Gurbin suna na sa shi dole. In ba a cike shi ba, na'ura ba ta ba da lamba, kuma ba lamba, ba abincin gyaɗa na leda.

Wata safiya layi ya kawo kan wata mata da ɗanta, ƙafafunsa a kumbure.

"Baiwar Allah, sunansa?" na tambaya, idona kan allo.

Ta ja mayafi ta rufe baki.

Tsohuwar da ke bayanta ta ce, "Kai ɗan lakwal, ɗan boko, ba ka da uwa ne? Ɗan fari ne fa!"

"To ke faɗa mini, Inna."

"Ina na san shi? Ba garinmu ɗaya ba."

Matar ta ce a hankali, "Mai sunan tsoho ne." Sunan surukinta ke gare shi, kunya biyu ke nan. Ita kaɗai ta zo, kowa nata yana gona.

Majo ya leƙo. "Malam, layi na tsaye."

Na koma cikin tsarin na cire dolen. Gurbin ya zauna fari, lamba ta fito, aka auna yaron aka kwantar da shi. Bai iya haɗiye abincin ba. Kafin ranar kasuwa ya cika. Na buɗe fish ɗinsa na zaɓi "ya rasu". Uwar ta goye shi kamar mai barci, ta hau amalanken jaki.

Ƙarshen wata muka aika da bayanai babban ofishin lafiya na Dungas. Suka bugo waya: layin da ba suna ba ya shiga lissafi, a cike ko a goge.

"Sa kowane suna mana," in ji Majo. "Wa zai bincika?"

Na ce masa yin haka ƙarya ce. Ya dube ni a gajiye, ya jawo ordinatar gabansa ya goge layin.