Kajin Gwaggo Kyauta

Gwaggo Kyauta yayar babanmu ce. Da mijinta ya rasu a Dabawa, ba da jimawa ba kafin Turawa su miƙa mulki, sai ta dawo gidanmu a Wurma da tabarma, da ƙwarya, da kwandon kaji a ka. Allah bai ba ta haihuwa ba. Kajin nan jajaye ne masu dogayen ƙafafu, irin da mahaifiyarta ta ba ta lokacin aure, kuma duk duniya su kaɗai take nunawa ta ce nata ne. Ranar kasuwar Kurfi takan aika da ƙwai a sayo mata gishiri da sabulu, don kada ta roƙi kowa.

A Dabawa kajin a sake suke. Su yi tono a juji, su sha rana, su yi wanka a toka. Ita kuma ta cika tsohuwar tukunya da kara da kashin shanu, ta kife a bakin suri, da safe ta kwaso musu gara.

Babanmu Ilu ba mugu ba ne, amma a kan shuka ba ya da 'yar'uwa. Gonarsa a bayan danga take. Da ruwa ya sauka kajin suka tone masa iri, ya ce ko a kulle su ko wuƙa. Gwaggo ta zuba su cikin wani tsohon rumbu, ta rufe da faifai da dutse. A lokacin gwiwoyinta sun fara ciwo, zuwa suri ya gagare ta, abincinsu ya koma dusa zalla a cikin duhu.

'Yan tsakin ne suka fara. Ka ga ɗan tsako ya taka, ya durƙushe, ya ja ciki zuwa kaskon ruwa, yatsunsa a tanƙware. Gwaggo ta ce baki ne ya kama su, mutane sun cika yabon ƙafafunsu. Sai ta ƙara toshe rumbun da tsumma don kada ido ya gan su. Ta jiƙa musu ɓawon maɗaci, ta ɗura musu ruwan barkono, ta ɗaure ƙafafun da zare. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, domin ƙaunar da take musu ce ta ƙarasa su.

Mairo mai tallan nono ta leƙa, ta ce ba wani baki, rana suke so da ƙwari, a daka musu ɓawon ƙwai da ƙonannen ƙashi. Gwaggo ta samu babanmu.

"Ilu, ka bar ni in sake su ko da hantsi ne."

"Yaya, ki bari gero shi yi kai tukuna."

Kafin gero ya yi kai saura kaza ɗaya, uwar garken. Ƙwan da take yi ba ɓawo, sai fata, yana fashewa a ƙarƙashinta. Da haka aka san iri ya ƙare.

Wata safiya Gwaggo ta tarar da ita kwance, wuya ya saki. Mace ba ta yanka, maza kuwa duk suna gona. Ta rungume ta, ta dogara sanda, ta bi gida gida tana sallama ko akwai namiji. A ƙofar masallaci ta samu wani tsoho, ya karɓa, ya juya ta, ya miƙo mata abarta. Ya ce ta riga ta zama mushe.

Ba ta yar da ita a juji ba, ta haƙa rami a bayan ɗakinta da hannu. Da yamma babanmu ya dawo aka gaya masa. Ya ce Allah Ya mayar da alheri, sannan ya tambaya ko an share rumbun, yana son ya zuba harawa.

Gwaggo ce ta share shi da kanta.