Tauraronka Bai Faɗo Ba Tukuna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Maris, babbar 'yarka ta kira ni ta ce Allah ya yi maka rasuwa, Malam Mai Awo. Ina ɗakin na'urorinmu a lokacin, ina jiran ƙaramin tauraron ɗan'adam ɗin da muke bibiya ya gifta ta samanmu. Ya zo ya wuce, hannuna bai iya taɓa komai ba.

Kai ka koya mini cewa can sama, inda ake zaton babu komai, akwai siririyar iska mai riƙe tauraron. Kullum sai ya ɗan sauko, daga yawan saukowarsa kuma muke gane kaurin iskar. Kakan tsokane mu ka ce mu ma 'yan awo ne, sai dai mudunmu yana can yana yawo.

Na tuna shekarar da rana ta yi ta aman wuta, iskar ta kumbura, alƙalumanmu suka kauce layi. Abokan aiki suka ce kuskure ne, a share. Ka ja kujera kusa da ni, ba faɗa ba hayaniya, ka ce, "'Yata, ranar da sama ta buɗe baki za mu toshe kunne?" Ka raba mini shayinka, muka sake lissafin daga tushe.

Shekara da shekaru kana ɗokin watannin ƙarshe, lokacin da tauraron zai nutsa cikin iskar da ba mu taɓa aunawa ba, kafin ya ƙone. Ga su sun zo ba ka nan, wannan ne ya fi ci mini rai. Shugaban cibiyarmu kuma har ya ce a kwance eriyar da muke bibiyar tauraron da ita, tunda mai abu ya tafi. Na faɗa masa in aka kwance ta da safe, kafin la'asar na kafa ta a rufin gidana.

A wurin zaman makoki, maiɗakinka, Inna, ta riƙe hannuna, ta tambaya ko abin nan naka ya faɗo. Na ce tukuna. Ta share ido ta ce, "To zaman me kike yi a nan? Tashi ki koma."

Na koma, Malam.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makoma. Ya ba Inna da 'ya'yanka da jikoki haƙurin rashi. Mu kuma ya ara mana rai mu ƙarasa awon da ka bari.