Takun Shirwa

Idan rimi ya fashe a Birnin Zazzau, audugarsa takan yi kwanaki tana yawo a iska kafin ta sauka. Takan bi lunguna, ta shiga zaure, ta kwanta a kan rawanin malami yana tsakiyar karatu bai sani ba. A irin wannan lokaci ne, wajen ƙarshen shekarun tamanin, abokina maɗinki ya nemi ƙungiyarmu ta rawa ta sallame shi.

Ƙungiyar ba ta da sarki, ba ta da ubangida. Wannan yakan ba mutane mamaki, domin a garinmu da wuya ka sami sana'ar da ba ta da mai riƙe da ita. Mu kuwa kowa da aikinsa na safe. Akwai marini, akwai baduku, akwai magina biyu, akwai mai gyaran keke, ga maɗinkin, ga makaɗinmu wanda da rana yake sayar da goro a Ƙofar Doka, ga wani ɗan tireda, sai ni, akawu a wani ofishin gwamnati. Idan aka gayyace mu biki ko kalankuwa a ƙauye, sai mu zauna mu tattauna, kuma magana ba ta wucewa sai kowa ya ce to. Marinin ne babba a cikinmu. Baba muke ce masa. Hannuwansa sun rine da shuni har gwiwar hannu, idan ya ɗaga su yana rawa sai ka ce ya sa safa. Amma shi ma bakinsa ɗaya ne kamar na kowa.

A wani kango a unguwar Kwarbai muke gwaji, daga la'asar zuwa gab da magariba. Rufin ya daɗe da faɗuwa, sai bango huɗu da wata bishiyar gwanda da ta fito da kanta a kusurwa. Bayan bangon gabas akwai zauren wani malami da yake ba da karatun littattafai daidai wannan lokaci. Bai taɓa cewa mu tashi ba, mu ma ba mu taɓa bari ya ji mu ba. Makaɗi yakan bar ganga a gida, ya zauna a kan turmi yana kiɗa a cinyarsa. Cakansamin da muke ɗaurawa a idon sawu, wanda ake saƙawa da kaba a zuba tsakuwa a ciki, sai mu cusa masa audugar rimi har ya yi shiru. Abin da ake ji kawai shi ne numfashi, da tafin ƙafa a kan ƙasa, da muryar malamin tana tsallako bango yana fassara Larabci da Hausa a hankali. Wani lokaci sai in lura ƙafafunmu sun bar makaɗi sun bi muryarsa.

Daga baya aiki ya kai ni ƙasashe. A Dakar na shiga ɗakin 'yan rawa da aka yi wa bango guda na madubi, kowa yana kallon kansa yana gyara kafaɗa. A Konakiri na tsaya kusa da makaɗa har na ji gangar a haƙarƙarina. A Alƙahira na ga mutum yana juyi da buje mai launi har na ji jiri a madadinsa. Duk sun burge ni, amma ban sake ganin masu rawa cikin shiru irin namu ba. Madubinmu inuwa ce. Rana idan ta karkata takan jefa mu a bangon gabas, dogaye, sirara, marasa fuska. Ba ka gane kanka sai ta motsinka.

Muna da doka ɗaya da ba a rubuta ba. Duk takun da wani ya ƙirƙira a cikin kangon, na ƙungiya ne. Wanda zai tafi yakan tafi da ƙafarsa, ya bar takun. Ba ya yin sa a wani wuri, ba ya koya wa wasu. A ƙasashen da na je sukan buga sunan mai ƙirƙirar rawa a takarda, abinsa ne har ya mutu. Mu a ganinmu, wanda ya yi maka kiɗa, da wanda ya yi maka dariya ranar da ka faɗi, da wanda ya matsa ya ba ka fili, duk suna da hannu a ciki.

Maɗinkin yana da taku da muke kira takun shirwa. Yakan ware hannuwa ya fara juyi a ƙafar hagu, yana yin ƙasa a hankali, ƙafar dama a miƙe gaba, har sai ya kusa zama a kan duddugensa. Nan sai ya tsaya cik, kamar yadda shirwa take tsayawa a sama ba ta kaɗa fiffike. Makaɗi ya ɗauke hannu. Sai a ga ya taso a kan ƙafar nan guda, bai dafa komai ba. Ya ce a saman ganuwa ya samo shi, wata rana da ya gaji da allura ya hau shan iska, yana kallon tsuntsayen suna shawagi wajen dutsen Kufena. Babu wanda ya taɓa gwada shi a cikinmu. Mun bar masa, kamar yadda ake barin wa mai murya waƙa.

A wani biki ne wani baƙo ya gan shi. Mutum ne mai tara 'yan rawa daga garuruwa, yana da ƙungiya a Legas da takan fita ƙasashen waje. Ya ce yana son maɗinkin, kuma ya faɗa a fili cewa saboda wannan takun ne. Ya ba shi mako uku.

Maɗinkin ya kawo maganar kango yana murza hula a hannu. Ya ce, "Shekara goma sha biyu ina kan ɗinkin aska takwas a manyan riguna, idona ya fara gaza zura zare. Ina so in ci abinci da ƙafata ko da sau ɗaya ne. Amma in ba da shirwa ba, ba ya bukatata."

Makaɗi ya ce, "Kai da ko Kaduna ka je sai ka yi amai a mota, kai ne za ka hau jirgi?"

Aka yi dariya kaɗan, ta mutu da wuri. Baduku ya ce doka doka ce, in aka buɗe wa ɗaya gobe kowa zai kwashe nasa. Mai gyaran keke ya ce ai ba a hana mutum arzikinsa. Aka yi ta ja har inuwarmu ta kai saman bango. Baba marini yana ta cire audugar rimi daga gemunsa. Can sai ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Me ya sa aka yi dokar? Don kada a bar mu da kango babu komai. To ya tafi da shi, amma ya bar shi. Ya koya mana. Ranar da kowa a ƙungiyar nan, mu tara, ya yi takun shirwa sau ɗaya bai dafa ƙasa ba, ya zama namu na gaske, shi kuma ya ɗauki nasa ya tafi."

Baduku ya yi tunani ya ce to. Kowa ya ce to. Sai makaɗi ya juyo ya dube ni, ya riƙe baki.

"Wayyo, mun manta da Malam Akawu. Maɗinki, koma ka nemi allurarka."

Gaskiya ya faɗa. Ni ne mafi nauyin ƙafa a cikinsu. A layin baya ake sa ni, kusa da gwanda. Yanzu ga tafiyar abokina ta rataya a gwiwata ta hagu.

Kwanakin nan ashirin da ɗaya, idan na tuna su, kamar a cikin ruwa na yi su. Zafi ya yi yawa, sama ta yi fari, auduga tana sauka a kanmu ba sauti. Maza takwas suna juyi suna faɗuwa, suna tashi suna kakkaɓe wando, ba mai iya ihu saboda malamin bayan bango. Wanda ya faɗi sai ya cije leɓe, sauran su toshe baki da hula. Maɗinkin yana bin mu ɗaya bayan ɗaya. Ba ya iya bayani, abin a jikinsa yake ba a bakinsa ba. Sai ya ce, "Kada ka sauka, bari ƙasa ta zo." In ce masa, "Yaya ƙasa za ta zo?" Ya ce, "To ni dai haka nake ji."

Maginan biyu suka fara samu, su da suka saba da tsani. Mai gyaran keke ya bi. Makaɗi ya yi nasa a kwana na goma, ya tashi yana cewa a kawo masa fasfo shi ma. Ni kuwa har a ofis nake gwadawa, in rufe ƙofa in riƙe gefen tebur. Wata rana masinja ya shigo ya same ni a tsugune a ƙafa ɗaya, hannuwa a ware. Ya ajiye fayil ya ce, "Allah ya ba da lafiya, ranka ya daɗe," ya fita da baya.

Saura kwana huɗu na samu. Ban san yadda aka yi ba. Na daina kallon ƙafata, na kalli inuwar da ke bango, na ga wani dogon mutum yana sauka a hankali kamar ana zare shi da igiya. Na tsaya. Na ji malamin ya yi shiru shi ma, yana juya shafi. Sai na ga inuwar ta tashi, ni kuma ina cikinta. Makaɗi ya rungume ni yana raɗa mini a kunne, "Ashe jaki ma yana tashi sama."

Duk hankalinmu yana kaina, shi ya sa ba mu lura da Baba ba. Kullum yana zuwa, kullum yana gwadawa a kusurwa. Yakan sauka lafiya, ya tsaya tsayuwar da ta fi ta kowa kyau, hannuwan nan shuɗɗa a ware. Tashin ne ba ya yiwuwa. Shekara arba'in yana tsugune a bakin ramin rini a karofi, gwiwar ta riga ta ba da abin da take da shi. Sai ka ga cinyarsa tana rawa, sannan yatsu biyu su taɓa ƙasa. Ya ce, "Saura kaɗan." Washegari ma saura kaɗan.

Maɗinkin ya same ni a hanyar gida ya ce, "Yaya, ka roƙe su a cire Baba daga sharaɗin." Na kai maganar. Baba ya ce shi ya faɗi tara da bakinsa, kowa ya ce to a kan tara, ba zai zama mutum na farko da aka yi wa rangwame a kangon nan ba. Baduku ya ce a kau da kai a ce ba a ga yatsun ba. Baba ya dube shi har sai da ya sunkuyar da kai.

Ranar ƙarshe muka taru da wuri. Ba mai wasa, har makaɗi. Baba ya makara, abin da bai taɓa yi ba. Da ya shigo sai muka gan shi cikin babbar riga ta zuwa Juma'a, da hula, da takalmi sau-ciki, yana riƙe da buzu. Ya shimfiɗa shi a gindin bango ya zauna ya miƙe ƙafa.

Ya ce, "Sannunku da aiki. An ce akwai 'yan rawa a nan, na zo kallo."

Makaɗi ya ce, "Baba, wane irin kallo?"

"Na bar ƙungiya tun da safe. Na gaya wa iyalina, yanzu na gaya muku. Shiga ce take bukatar kowa ya ce to, fita ba ta bukata. Sharaɗi ya ce kowa a ƙungiya. To ga ku nan, ku yi in gani."

Maɗinkin ya zo ya durƙusa a gabansa. Ya ce, "Wallahi Baba in haka ne na fasa. Ba zan tafi a kan ƙafarka ba."

"Ƙafar tawa da ta ƙi tashi? Kai dai ba ka da kunya. Mako uku kana wahalar da tsoho, yanzu ka ce ka fasa?" Ya ture masa hula gaba. "Ko ka tafi ko ka zauna, ni na riga na fita. Tashi ka ba mutane wuri."

Muka yi, ɗaya bayan ɗaya. Baba yana gyara wa kowa daga zaune. Ya ce wa ɗaya daga maginan hannunsa ya yi ƙasa, ya ce wa baduku ya daina ɓata fuska kamar mai jimar fata. Da aka zo kaina na yi tangaɗi wajen tashi, amma ban dafa ba. Ya ce, "Mummuna ne, amma shi ne." Maɗinkin ne ya yi na ƙarshe. Ya sauka, ya tsaya, ya daɗe a tsaye fiye da yadda ya saba, hawaye yana bin fuskarsa. Sannan ya taso.

Baba ya ce, "To. Ni ba ni da baki yanzu. Ku me kuka ce?"

Muka ce to, mu bakwai.

Da asuba muka raka maɗinkin tasha. Baba bai zo ba, ya ce yana da rini a karofi da ba ya jira. Ya aiko makaɗi da wani ɗan ƙulli, man zafi ne a gwangwani, da saƙon cewa ya riƙa shafa wa gwiwar hagu tun kafin ta fara ciwo. Maɗinkin ya sa shi a aljihun gaba, ya shiga mota ya zauna kusa da taga saboda amai.