Yadda Muka Kwashe Iyakar Gonar Baba

Ranar wata Litinin a farkon watan Maris, shekarar da nake aji biyar a firamaren ƙauyenmu da ke bayan Kafanchan, Malama Saratu ta shigo aji da wani abu ƙunshe a ɗankwali. Mun dawo daga sharar fili ke nan, hannuwanmu duk danƙon mangwaro, ana jiyo kukan jirgin ƙasa daga can wajen tasha. Ta ajiye ƙunshin a kan tebur kamar mai ajiye ƙwai, ta kwance. Sai ga wani baƙin dunƙule mai ramuka-ramuka, mummuna. Ni da bakina ba ya shiru tun ina ƙarama, na ce, "Malama, ai wannan kashin maƙera ne." Aji ya kwashe da dariya saboda an ambaci kashi. Ita kuwa ta ce haka sunansa yake, kuma yau shi zai koya mana tarihi.

Tun farkon zangon take fama da mu a kan mutanen dā. Ta zana mana dalar Masar a allo, mu kuwa Masar ɗin da muka sani ta Fir'auna ce, wadda muke ji a majami'a, su Habiba ƙawata kuma a Islamiyya, don haka ba mu ga abin yabo a wurin ba. Ta ba mu labarin daular Mali da raƙuman gishiri, da ganuwar Kano da ta Zazzau, da yadda talaka ke noma sarki na karɓar rabo. Muna haddacewa don tsoron bulala, amma a ranmu labarin mutanen wasu ne. Ranar nan sai ta ce fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, a nan ƙasarmu, wajen Nok, akwai mutanen da ke narka tama su fitar da ƙarfe, su kuma gina kawunan mutane da yumɓu. Abin da ke saura a murhu bayan an cire ƙarfe shi ne irin wannan dunƙulen. Ba ta ce lallai na hannunta nasu ne ba, ta dai ce aiki irin nasu ne, kuma kakannin wani a cikinmu ne suka yi shi. Gaskiya na ji daɗi har cikin raina. Ta ce duk wanda ya ga irinsa ya kawo, mu yi wa ajinmu ɗakin tarihi a kusurwa.

Ni kuwa na san inda yake jibge. Gonar cittarmu tana jikin ta Malam Sale, baban Habiba, ɗan kasuwa da iyayensa suka daɗe a garin suna sayen citta da acca. Kakana ne ya yanka wa mahaifinsa gonar, kuma da yake babu itace ko rafi a tsakani, sai tsofaffin biyu suka jera kashin maƙeran da garma ke tonowa, tun daga bakin hanya har gindin tudu. Wannan jerin shi ne iyaka, babu wata shaida bayansa, su biyun kuma sun riga mu gidan gaskiya. Mu yara ba wanda ya taɓa gaya mana. Abin da muka sani, duwatsu ne masu fasa yatsa in an aiki mutum kai kunu gona. Kullum da yamma, in na ɗebo ruwa na zuba wa aladunmu dusa, Habiba kuma ta gama wanke-wanke, sai mu haɗu da sauran 'yan ajin, a ɗan taɓa 'yar gala-gala, sannan a cika tsofaffin kwanoni da duwatsu. Kafin hutun Ista kusurwar aji ta zama tudu, Malama tana ta yabonmu, ba ta kuma tambayi inda suke fitowa ba.

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi cikin hutu, ya shafe gurabun duwatsun kaf. Da Baba ya je fara kaftu, sai ya tarar da Malam Sale tsaye, gona biyu sun zama ɗaya. Citta a wurinmu ita ce makarantar yara, ita ce kwanon rufin ɗaki, kuma taku biyu na ƙasa ya sha raba 'yan ciki ɗaya, balle mutum biyu da kowa ke da masu zuga shi. Masu zugar ba su yi jinkiri ba. Wani kawuna ya ce dama baƙo haka yake, a kasuwa kuma aka ce wa Malam Sale so ake a ƙwace abin da aka ba ubansa. Baba ya daina hira a tsakar gida. Lahadi ta zo Mama ba ta aike ni da gwaza gidansu Habiba ba kamar yadda ta saba, nan ne na tsorata sosai.

Malama Saratu ta ji ana zancen ɓarayin iyaka a bakin majami'a, ta gane nan take. Ranar da aka koma makaranta ta jera mu, kowa da kwanon duwatsu a ka, ita ma da nata, muka ratsa gari har gona mutane na fitowa kallo. Ta durƙusa gaban dattawan biyu ta ce, "Baba, laifina ne. Na gaya musu darajar dutsen, ban tambayi aikin da yake yi ba." Malam Sale ya daɗe yana kallon kwanonin, sannan dariya ta ƙwace masa, ya ce shi yana ta zargin manya, ashe ɓarayin nasa ko majina ba su gama sharewa ba. To amma dariya ba ta dawo da layi ba. Baba ya nuna inda yake zato, Malam Sale ya nuna nasa, tsakaninsu ya kai faɗin tabarma. Can sai Baba ya ce, da irin Hausarsa, "Malam, ni ba na ci ƙasa wanda ban tabbata nawa ne ba." Malam Sale ya ce shi ma ba zai kai wa iyalinsa abin da yake shakka ba. Suka sa muka jera duwatsun layi biyu, ɗaya a zaton kowa, aka bar tsakiyar ba ta kowa ba.

Wannan tsakiyar ta zama hanya. Ta nan matan gidajen biyu ke zuwa rafi, ta nan abincin Sallah ke zuwa mana, na Kirsimeti kuma ya tafi can. Yanzu 'ya'yana suna ganin kawunan Nok a wayar hannu, sun ma fi ni sanin labarin. Iyalin Malam Sale sun koma cikin gari a shekarun da hankula suka tashi, ni da Habiba sai gaisuwa a waya. Wanda ya sayi gonarsu ya kawo masu awo, aka kafa turakun siminti, aka ja katanga ta haɗiye hanyar. Iyakar yanzu ta fi ƙarfi, ba mai iya gusar da ita. Ni dai waccan nake kewa, wadda ake bi ta cikinta a je gaisuwa.