Armelle Daubrac da Fim ɗin da Aka Ce Ta Ƙona

Shekara da shekaru ana faɗa a Paris, a gidajen shan kofi da shafukan jaridu, cewa Armelle Daubrac ta cinna wa fim ɗinta na biyar wuta da hannunta, don ta kalle shi ta ga shirme ne, kuma wai daga ranar basirarta ta ƙafe. Masana sun rubuta haka, ɗalibai sun haddace sun zuba a jarrabawa. Mai wannan rubutu ta daɗe tana tambayar wanda ya ga hayaƙin, ba a kawo mata ko mutum ɗaya ba, shi ya sa ta bi rayuwar matar tun daga tushe.

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Armelle Daubrac a shekarar 1934 a garin Millau. Mahaifinta, Firmin Daubrac, mai yankan fatar safar hannu ne, mahaifiyarta kuma, Léonie Vaysse, ita ke ɗinke abin da ya yanka. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya huɗu, kuma ta tashi a gidan da ba a kai almakashi kan fata sai an ja ta, an juya ta, an san inda take da rauni. Ta yi firamare a garinsu a shekarun yaƙin duniya na biyu, ta wuce sakandare a Montpellier, inda malamanta suka shaide ta da kaifin fahimta da ƙarancin magana.

Karatu da Fara Aiki

A shekarar 1953 ta tafi Paris da niyyar karatun adabi, amma ba ta kai ga samun takardar kammalawa ba, domin ta samu aiki a ɗakin da ake yanka faifan fim ana haɗa shi, ta zauna a can shekara bakwai tana gyara ayyukan maza waɗanda sunayensu ke fitowa a allo, nata ba ya fitowa. Masu tarihi suna kiran waɗannan shekaru asara. Ba asara ba ce, a nan ta koyi abin da ya bambanta ta da sa'o'inta, wato sanin daidai inda za a bar fuskar mutum ta yi shiru.

Fim ɗinta na farko, wanda ta yi a kan mata masu wanki a bakin kogi, ya fito a 1961, kuma da shi ta kafa ƙa'idojin da ba ta saɓa musu ba har ƙarshen rayuwarta. Ba ta ɗaukar 'yan wasa. Takan zauna cikin mutane wata da watanni, tana ci tana aiki tare da su, kafin ta fito da kyamara. Idan kuma fim ya kammala, ba mai ganinsa, ko wanda ya zuba jarinsa, sai ta koma ta yi majigi ga mutanen da ke cikinsa, kuma duk wanda ya ce bai yarda ba, maganarsa ce ta ƙarshe.

Aure da Iyali

A shekarar 1963 ta auri Gaspard Vialat, mai ɗaukar hoto, wanda ya riƙe mata kyamara a yawancin ayyukanta. Sun haifi 'ya'ya uku. A cikin shekaru goman da suka biyo baya ta fitar da finafinai uku, ta karɓi lambobin yabo a gida da waje, har ya zama ana cika ƙananan gidajen silima don kallon masunta da ma'aikatan jirgin ƙasa suna gudanar da rayuwarsu.

Tudun Tumaki

A kakar 1972 ta kwashi iyalinta zuwa Roquebelle, ƙauyen makiyaya masu tatsar tumaki don cuku, ta sauka a gidan Célestin Cazals da matarsa Marthe. Célestin ya haura saba'in, kuma mantuwar tsufa ta fara cin hankalinsa, har yakan manta sunan karensa. Fim ɗin, mai suna Tudun Tumaki, a kan waɗannan biyu ya ginu. A tsakiyarsa akwai wata safiya da Marthe ke yi wa mijinta aski a kicin, ya ɗago ya dube ta.

"Baiwar Allah, ke matar waye?"

"Ta wani tsoho ce mai taurin kai. Riƙe kanka kar in yanke ka."

"Kash. Da kin jira ni, ai da ni na aure ki."

Gaspard ya ci gaba da ɗauka, Armelle kuwa ta san ba za ta sake samun irin wannan ba. A bazarar 1974, bisa al'adarta, ta rataya farin zane a zauren taron ƙauyen ta nuna fim ɗin. Da aka zo wurin askin, zauren ya kece da dariya, wasu suna share hawaye. Bayan an watse Marthe ta tare ta a bakin ƙofa.

"Yarinya, kin ji dariyar nan?"

"Na ji, Inna. Ai ta ƙauna ce."

"Waɗannan sun san shi yana saɓa rago a kafaɗa ya hau tudu da shi. Mutanenki na Paris wa suka sani? Wani tsoho da kumfa a fuska. Ban ce ki lalata aikinki ba. Ki bari sai na bi shi, bayan raina ki nuna wa duniya."

Marthe tana da shekara sittin da biyu a lokacin, kuma ko mura ba ta cika yi ba. Armelle ta ce to.

Shekarun Ƙunci

Ta koma Paris ta shaida wa wanda ya zuba jari cewa babu fim, kuma ta ƙi faɗin dalili, domin ta san muddin ta faɗa, 'yan jarida za su yi sansani a ƙofar gidan Marthe. Mutumin ya fusata, ya gaya wa duk wanda ya tambaye shi cewa ta ƙona aikin, kuma daga bakinsa maganar ta bazu. Ƙofofi suka rufe. Matar da ake gayyata ƙasashe ta koma gyaran finafinan wasu da koyar da ɗalibai. Célestin ya rasu a 1976, amma sharaɗin Marthe ba a kan ransa yake ba, a kan nata ne.

Gaspard ya sha yi mata magana. "Armelle, tsohuwar nan ko silima ba ta zuwa. A nuna a wata ƙasa, wa zai gaya mata?" Takan amsa da cewa ita kanta, Armelle, za ta sani, ta ci gaba da abin da take yi. Sai a 1985 ta sake samun mai ɗaukar nauyin aikinta. Ta yi finafinai huɗu bayan haka, dukkansu nagartattu, amma masu sharhi ba su taɓa yabonta ba sai sun ƙara da cewa ita ce wadda ta kasa a lokacin da ya kamata ta kai ƙololuwa. Ba ta taɓa mayar da martani ba. Gaspard ya rasu a 1991 bai ga Tudun Tumaki a allon silima ba.

Shekarun Ƙarshe

Kowace kaka Armelle takan hau zuwa Roquebelle, kuma gaisuwarsu ba ta canzawa.

"'Yar Paris, kin zo duba ko na mutu?"

"Cuku na zo ci, Inna. Ke da mutuwa ai kun ɓata."

A shekarar 2008 likitoci suka tabbatar mata da ciwon da ba ya jin magani. 'Yarta ta fari, Noémie, ita ta tuƙa ta zuwa ƙauyen a wannan kaka, kuma a hanya ta roƙe ta.

"Mama, bari in gaya mata halin da kike ciki. Kalma ɗaya za ta ce, ki ga fim ɗinki a silima da idonki."

"Za ta ce, shi ya sa ba za ki gaya mata ba. Yardar da aka karɓa da tausayi ba yarda ba ce. Ki dubi hanya."

Suka isa, aka ci miyar kabeji da burodi. Marthe, wadda idonta ya yi rauni, ta shafa hannun Armelle ta ce ta rame, mutanen birni ba su iya cin abinci ba. Armelle ta ce gaskiya ne, ta nemi ƙari.

Rasuwa

Armelle Daubrac ta rasu a Paris a watan Maris na 2009, tana da shekara saba'in da huɗu. An yi mata addu'a a cocin unguwar da aka haife ta, aka binne ta a maƙabartar Millau kusa da iyayenta. Ta bar 'ya'ya uku: Noémie, likitar yara a Toulouse; Bastien, mai haɗa sauti a finafinai; da Clotilde, malamar makaranta; da jikoki biyar.

Marthe Cazals ta rasu a 2011, tana da shekara casa'in da tara. A shekarar da ta biyo baya 'ya'yan Armelle suka fito da faifan daga ma'ajiyar da ta killace shi, aka fara nuna shi a Roquebelle, sannan a Paris, inda mai wannan rubutu ta kalle shi a zauren da ba a ji ko tari ba.

Armelle Daubrac ba ta ƙona fim ɗinta ba. An ce mata ta jira, ta jira shekara talatin da biyar, kuma ita ta riga mutuwa.