Inna a Kan Kujerar Tsohon Fim

Jama'a, wannan ba tatsuniya ba ce, wallahi tallahi a kaina ya faru, shekarun baya lokacin ina aiki a Lyon ta ƙasar Faransa, a wani ɗan wuri da ake gyaran tsofaffin finafinai, irin waɗanda aka yi tun kafin a san sa magana a silima. Aikina shi ne in bi zaren fim a na'ura, hoto bayan hoto, ina share datti.

A shekarar ce Inna, mahaifiyata, ta rasu a Damagaram, ko jana'iza ban samu ba. Ita kuwa Inna, Allah ya jiƙanta, ta tsani hoto, ko katin ɗan ƙasa ba ta taɓa yi ba, ko a biki ka ɗaga salula sai ta ja mayafi ta ce, "Ku bar ni da fuskata." Abin da ya fi ci mini rai shi ne na fara manta kamanninta. In rufe ido in neme ta, sai muryar kaɗai ta zo.

Ana haka aka kawo mana wani fim na barkwanci da aka ɗauka a Paris fiye da shekara ɗari. Wani ƙato ne mai tumbi ya shiga gidan abinci, duk sanda ya zo zama sai kujerar ta ɓace, ya faɗi tim! Dabarar ba wuya: mai ɗauka yana juya hannun kyamara sai ya tsaya, ɗan wasa ya ƙame, a janye kujera, a ci gaba, daga baya a yanke zaren a manne. Wurin mannen nan muka fi dubawa.

Ran nan da hantsi na iso wani manne, sai ga hoto ɗaya tak, kujerar na nan, da mace zaune a kanta. Baƙar mace, ɗaurin kallabi ya karkata hagu, ga tsagar kumatu, ga hannu a kan gwiwa yadda take yi in tana jiran kiran salla. Innalillahi, Inna ce! Na koma hoton baya, babu. Na gaba, babu. Na ɗaga salula zan ɗauka, na rantse muku hannuna ya ƙi, kamar ina jin ta tana cewa in bar ta.

Na kira yayata Hadiza da ke aure a Stains, wani gari a gefen Paris, ina kuka kamar yaro. Ta ce, "Kai, lafiyarka ƙalau kuwa?" Na ce, "Yaya, sai kin gani da idonki." Da yake ba ta iya tafiya ita kaɗai, na hau jirgin ƙasa na je Paris na ɗauko ta. Duk hanya tana jan carbi.

Muna isa wurin aiki, abokiyar aikina, wata Bafaranshiya mai kirki, ta tarye ni da murna, wai ta rage mini aiki, ta sa na'ura ta share dattin fim ɗin. Ita kuwa na'urar, duk abin da ya fito a hoto ɗaya, ba ya baya ba ya gaba, datti take ɗaukarsa, sai ta goge. Na buɗe kwafin da muka fara ajiyewa kafin a share, shi ma kujera wayam. Muka ciro ainihin zaren, daidai wurin mannen ya narke, sai tabo mai ruwan ƙasa, alhali kwana biyu kafin nan lafiya lau yake.

Yaya ta ce in kunna mata duk da haka. Ƙaton na faɗuwa, ma'aikata na dariya, mu biyu muna zubar da hawaye. Da ya ƙare ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ta ƙi hoto tana raye, kai kana zaton yanzu za ta yarda? Ta ga kana nemanta ne ta leƙo. Faɗa mini, ta rame?"

Na ce, "A'a Yaya, ta yi kyau."

Har yau ban san me na gani ba, malaman da na tambaya ma addu'a kawai suka ce in yi mata. Na bar aikin, don duk mannen da na iso sai in tsaya ina nemanta. Ku da iyayenku mata ke raye, don Allah ku je ku zauna gabansu, ku kalle su da kyau. Ni fuskar ta sake fara ɓace mini.